Aikin injiniyan matatar ruwa: abin da ɗalibi ya kamata ya sani

Mai karatun injiniyan sinadarai ko na albarkatun ruwa da muhalli a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kada ya ɗauka matatar mai ce kaɗai wurin aikinsa. Ga matatar ruwa ta Shika nan kusa, ga kuma ta madatsar Kubanni da ke shayar da jami'ar.

Ruwan kogi yana isowa da laka, musamman a watan Agusta. Sai a zuba alam, a gauraya da ƙarfi kamar minti 1, sannan a hankali minti 20 zuwa 30, har dattin ya dunƙule ya kwanta. Nawa za a zuba? Gwajin kwalabe ke faɗa: kwalabe 6, kowace da nata awon, a duba wadda ta fi washewa. A nan ake gane injiniya. Alam yana jawo pH (ma'aunin tsamin ruwa) ƙasa, wato yana ƙara wa ruwan tsami, idan ya faɗi sosai dattin ba ya haɗuwa, sai a gyara da farar ƙasa. Wanda ya bar awon alam na rani har damina ta kankama, yashin da yake tace ruwan da shi zai toshe tun kafin lokacin wanke yashin ya yi.

Kulorin kuwa, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, yana buƙatar aƙalla minti 30 da ruwan, kuma ragowarsa kada ta gaza miligiram 0.2 a lita a famfon ƙarshe, ko da a Tudun Wada yake.

Ku nemi horon SIWES (shirin koyon aiki na ɗalibai a masana'antu) a matatar ruwa, ku iya lissafin awo da karanta zanen bututu, daga baya ku yi rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya.