Tebur 24 da ginshiƙi ɗaya da Alhaji ya nema

Shekara biyu na yi ina riƙe wa wani kantin magani lissafin cinikinsa a PostgreSQL, manhajar rumbun adana bayanai, kowane wata da teburinsa (jadawalin bayanai mai layuka da ginshiƙai). Da wata ya kama sai in ƙirƙiri sabon tebur da LIKE, umarnin kwafar tsarin wani tebur, in haɗa da INCLUDING ALL, wato a kwafo komai, ya kwaso min ginshiƙai da fihirisa (abin saurin nemo bayani) da ƙa'idojin tsohon. Aiki kamar yankan wuƙa.

Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Masu saye suka koma tiransifa da POS, Alhaji mai kantin ya ce yana son ya riƙa ganin ta hanyar da kowa ya biya. Ginshiƙi ɗaya tak zan ƙara, amma a tebur 24. LIKE kamar hoton takarda ne: da ya kwafa, shi ke nan, babu sauran zumunci tsakanin sabo da tsoho. Na bi su ɗaya bayan ɗaya cikin dare, na tsallake na watan Yuli ban lura ba. Washegari rahoton shekara ya ƙi fitowa, Alhaji na tsaye a kaina.

Wannan ne ya kai ni ga INHERITS, wato gādo, dabarar da ta samo asali tun POSTGRES, tushen PostgreSQL, wanda Michael Stonebraker ya fara a jami'ar Berkeley a 1986. Ka gina uwar tebur, sauran su zama 'ya'yanta. Ka ƙara ginshiƙi a jikin uwa, nan take ya sauka a kan kowane ɗa. Ka tambayi uwa, ta kawo maka bayanan gidan gaba ɗaya, sai fa in ka sa ONLY, wato nata kaɗai. Tsofaffin teburana ma sun shiga, bayan na tabbatar kowanne na da duk ginshiƙan uwar.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba komai ake gāda ba. CHECK da NOT NULL, ƙa'idojin tantance bayani da hana barin gurbi babu komai, suna bin jini, amma fihirisa da babban makulli (abin da ke bambanta kowane layi da sauran) da ƙa'idar hana maimaici ba sa bi. Lambar rasit guda za ta iya zama a Maris, ta sake zama a Afrilu, rumbun bai ce uffan ba. A harkar kuɗi wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, kuma shi ya fi damuna.

Yanzu na koma PARTITION BY, wato raba tebur ɗaya yanki-yanki, wanda ya zo da PostgreSQL 10 a 2017; daga na 11 fihirisar da ka ɗora wa uwa tana sauka kan kowane yanki. A nan ma lambar rasit za ta iya maimaituwa, domin dole makullin ya ƙunshi ranar ciniki, tunda da ita aka raba teburin. Shi ya sa na sa duk lambobin rasit su riƙa fitowa daga SEQUENCE guda ɗaya, mai fitar da lambobi a jere, na kuma hana manhajar kantin rubuta lamba da kanta.