Aljanu da Kwamfuta a Teburin Shagona

Sana'ata shirya littattafai ce. Ina da ƙaramin shago a Fagge, da yara biyu da muke aiki tare. Marubuci zai kawo rubutunsa, mu buga a kwamfuta, mu gyara ƙa'idojin rubutu, mu tsara shafuka, mu zana bango, in yana da hali mu kai wa masu injin ɗab'i. A da kusan duk abin da ake kawo mana labarin soyayya ne da zaman kishi, irin waɗanda suka cika rumfunan Sabon Gari tun shekarun 1980. Yanzu wani iri ya shigo, wanda ya fi kowanne cin lokacina, kuma ina son sa har zuciya.

Labarai ne da ke haɗa ilimin kwamfuta da siddabaru a duniyoyi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wanda ke hannuna yanzu, wani yaro ne mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, aka kawo masa wayar da ke ɗauke da wata manhaja. Da ya taɓa ta sai ya tsinci kansa a wata Kano dabam, wadda ganuwarta ba ta taɓa zubewa ba, kowace ƙofa kuma aljani ne ke riƙe da lambar sirrinta.

Wasu abokan sana'a na cewa kwaikwayon fina-finan waje ne kawai. Yaran da ke rubuta labaran suna kallon su, ba musu. Amma maganar wata duniya da ke maƙwabtaka da tamu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masu bori sun daɗe suna ba da labarin Jangare, birnin iskoki. Tarihin Kano kansa ya fara ne da Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala. Littattafan da suka fito daga gasar rubutun littattafai da aka shirya a Zariya a 1933 ma, akwai aljanu da tafiye-tafiyen ban al'ajabi a cikinsu. Waya da intanet ne kawai yaran nan suka ƙara.

Ainihin wahalar aikin tana wajen dokokin duniyar labarin. Duk littafi irin wannan da ya shigo, sai na ware masa littafin rubutu guda, ina karantawa ina lissafa sharuɗɗan da marubucin ya gindaya wa duniyarsa. Ta wace hanya ake tsallakawa? Me mutum yake rasawa duk lokacin da ya tsallaka? In waya ce mabuɗin, a ina ake yi mata caji a garin da babu lantarki? Kwana ɗaya a can, kwana nawa ne a nan? Sau da yawa marubuci zai ce a babi na uku ƙofar ba ta buɗuwa sai da magariba, a babi na goma sha biyu kuma jarumi ya wuce da rana tsaka don an rutsa shi. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Baba, ai almara ce, komai na iya faruwa." Na ce mata, "'Yata, in komai na iya faruwa, mai karatu ba zai ji tsoron komai ba, ba kuma zai damu da jaruminki ba." Ta koma ta sake babi huɗu, labarin ya tsaya da ƙafarsa. Waɗanda suka karanta kwamfuta a Jami'ar Bayero sun fi saurin gane wannan, don sun saba da cewa manhaja ba ta karɓar umarni mai karo da juna.

Akwai kuma iyakar addini, wadda ba na wasa da ita. Jihar Kano tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, amma ko babu ita, ba zan shirya littafin da aka mayar da ayar Alƙur'ani makamin wasa ba, ko aka nuna boka ya san gaibu. Aljanu halittar Allah ne, a ba su gari da sarauta da kasuwa a labari, ba laifi.

Bango kuwa, hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira sukan sa wa jarumi tufafin da ba namu ba, don haka yarona kan je Ƙofar Mata ko Kurmi ya ɗauko hoto, mu ɗora zanen a kansa.

Kuɗi ne ke ba mu wuya. Takarda daga waje take zuwa, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 tsadarta ta hana yawancin marubuta bugawa. Sai su saki babin farko kyauta a Wattpad, manhajar karanta labarai, sauran su sayar a zauren WhatsApp. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa jama'a, gumin marubuci ya tafi a banza. Shi ya sa muke sa lambar mai saye a ƙasan kowane shafi kafin mu tura masa. A bana kuma na haɗa marubuta uku su raba kuɗin takarda, mu fitar da gajerun labaransu a littafi ɗaya, mu kai wa makarantun sakandare, inda yawancin masu karanta irin wannan suke.