Katan goma sha ɗaya

Talata, bayan isha'i

Jikina duk ya yi tsami, amma sai na rubuta wannan kafin barci ya sace ni.

Yau satina bakwai da fara SIWES, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai, a wannan ƙungiya mai zaman kanta da ke kula da yara masu tamowa a wani ƙaramin asibiti a karkarar Katsina. Aikin akanta nake karanta, kuma banki na so a tura ni kamar ƙawayena. Da na zo sai aka damƙa mini makullin sito da littafin shiga da fita. Abin da nake ƙirgawa shi ne madarar gyaɗar nan da ake ba yaran: ƙunshi 150 a kowane katan, kowane ƙunshi giram 92, kalori 500. Ba a dafawa, ba a haɗa ta da ruwa, uwa ta yage bakin ledar yaro ya tsotsa. Katan guda kusan shi ne maganin yaro ɗaya daga farko har ya murmure.

Na san waɗannan alƙaluma tun makon farko, amma a takarda kawai.

Da safe rumfar ta cika maƙil, domin Agusta ne, rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro. Anti, ma'aikaciyar jinyar da nake ƙarƙashinta, ta leƙo sito ta ce, "Rufe nan ki zo ki riƙe mana rajista." Na zauna kusa da ita tana ɗaura tef ɗin awo mai launi uku a damtsen hagu na kowane yaro. Kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a sa ido, ja kuwa ƙasa da santimita 11.5 ke nan, tamowa mai tsanani. Sai ta danna bayan ƙafafun yaro da babban yatsa na daƙiƙa uku, in wurin ya lotsa bai taso ba, to kumburi ne.

Wata yarinya ce ta tsaya mini a rai. Shekararta biyu, amma a goye sai ka ce 'yar wata takwas. Damtsenta ya faɗa ja. Ko kuka ba ta yi ba da aka taɓa ta. Uwar ta ce 'yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyensu, bara ko kwano ɗaya ba su noma ba. Aka yi gwajin ci, yarinyar ta yi ta juya kai, can sai ta kama ledar da hannu biyu. Wallahi duk wanda ke wurin sai da ya sauke ajiyar zuciya.

Da uwar ta karɓi rabon mako, ta juyo gare ni ta ce, "'Yata, in mun dawo Talata mai zuwa za mu samu ko?" Anti ba ta amsa ba, ni ta kalla. Ni ce na san katan goma sha ɗaya suka rage, motar kaya kuma ta makara. Na ce, "In sha Allahu, Inna." Har yanzu maganar tana ci na.

Bayan azahar na koma sito na lissafa abin da muke fitarwa duk mako, na ga abin da ya rage ba zai kai mu ƙarshen wata ba. Na rubuta takardar neman ƙari, Anti ta sa hannu. Tana sa hannun take ba ni labarin Maraɗi a 2005, lokacin yunwar Nijar, inda aka ga dubban yara suna warkewa a gida da wannan madara ba tare da an kwantar da su ba. Ta ce maganin an same shi tuni, isowarsa kan lokaci ce matsalar. Ban taɓa tunanin wannan aikin mai lissafi ba ne, ga shi kuwa shi ne.

Da magariba Baba ya kira, ya sake tuna mini da abokinsa da zai nema mini gurbi a banki bayan bautar ƙasa. Na ce, "Baba, ina so in koyi harkar sayo magunguna da raba su asibitoci." Ya yi shiru, sannan ya ce mu yi magana in na zo gida. Bai ce a'a ba.

Gobe ƙarfe bakwai zan kira ofishin jiha in ji inda motar ta kwana.