Laraba, ranar rabon yara

Bayan isha'i nake rubuta wannan, ƙafafuna duk ƙura.

A jadawalin makarantarmu, Laraba daga sha ɗaya da rabi har a tashi lokacin kulob ne da wasanni. In ka karanta shi a takarda sai ka rantse wata babbar kwaleji ce: ƙungiyar muhawara da kacici-kacici, ƙungiyar Hausa, JETS ta 'yan kimiyya, matasan manoma, MSS ta ɗalibai Musulmi, sai ƙwallon ƙafa da guje-guje da aka rataya min a wuya don kawai ni ne ƙaramin malami. Mutane suna zaton rashin kuɗi ne babban ciwonmu. Akwai shi, amma rashin yara ya fi shi ciwo. Ko ranar da kowa ya zo ba ma cika filin taro, ga shi yanzu kaka ce. Rabin 'yan SS 2 suna gona wajen roron wake da yankan dawa, 'yan mata kuwa cirar zoɓo ta kwashe su. Da an buga ƙararrawa, wato tsohon wilin motar nan da ke rataye a jikin darbejiya, sai kowane malami ya fito bakin aji yana zare ido, yana neman nasa kafin wani ya riga shi.

Yau a kan golana aka yi ta. Yaron nan shi ne mai tsaron gidanmu, shi ne mai magana na farko a muhawara, shi ne kuma mataimakin amirin MSS. Malamar Turanci ta tare ni a baranda.

"Malam, yau dai ka bar min shi. Gasar shiyya ta matso, har yanzu bai haddace gabatarwarsa ba."

"Haba Malama, ni fa ba ni da wani golan. Wanda ke bayansa in ƙwallo ta taho runtse ido yake yi."

Muna cikin ja-in-ja, shi kuma yana tsaye ya sunkuyar da kai, sai ya ce a hankali, "Malam, Baba ya ce in koma da wuri, za mu shirya awakin da za a kai Maigatari gobe." Ashe mu uku ne muke rabonsa, kuma na ukun ya fi mu iko. Muka yanke: rabin awa nata, abin da ya rage nawa.

Na zauna a bayan aji ina jiransa, shi ya sa na kalli muhawarar. Maudu'in tsoho ne, tun muna ɗalibai ake yin sa: malami ya fi likita amfani. Da Turanci yaran suka fara, kowa ya kafe ido a rufin ɗaki yana zuba abin da ya haddace, in kalma ɗaya ta ɓace shi ke nan an tsaya cik. Da Malama ta gaji sai ta ce su sake da Hausa don su gane me ma suke faɗa. Nan fa aji ya kama wuta. Wata yarinya 'yar JS 3, wadda ban taɓa jin muryarta a darasin lissafi ba, ta miƙe: "Mai girma shugaban zama, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokan karawata." Sannan ta juya ga golana ta tambaye shi, ranar da kunama ta harbi ƙanensa cikin dare, gidan malamin lissafi suka nufa ko ɗakin shan magani? Aka tuntsire da dariya, har ni da aka yi wa habaicin. Ni dai a ganina da wannan yarinyar ya kamata a je gasa, amma gasar da Turanci ake yi.

A hanyata ta zuwa fili na leƙa matasan manoma. Da can kulob ɗin nan ba ya samun kowa, kuma ba laifin yara ba ne, wanda ya wuni da fartanya ba za ka ce masa ya zo makaranta ya koyi shema ba. Malamin aikin gona ya canza dabara. Yau buhun adana wake ya kawo, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, irin wanda ake kira PICS. Ya nuna musu yadda ake matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwari su rasa numfashi su mutu ba tare da an zuba magani ba. Yara sun cika wurin, don magana ce ta waken gidansu. JETS kuwa a rufe. Kofan da ya raya ta ya gama hidimar ƙasarsa ta shekara ɗaya ya koma garinsu, kwalin batura da wayoyinsa na nan a ofis ƙura na ci.

Filinmu ba shi da ciyawa sai tsidau da ƙarangiya. Turakun raga itacen darbejiya ne, ragar kanta babu. Layin gefe da toka muke ja, iskar hunturu ta share, mu sake ja. Mutum goma sha huɗu na samu, aka rabu bakwai-bakwai, masu riga da marasa riga, galibinsu ba takalmi. Kowane mai gudu a cikinsu Ahmed Musa yake kiran kansa. Ba su ga zamaninsa na farko a Kano Pillars ba, amma a gidan kallo da wayoyin yayyensu sun haddace ƙwallaye biyun da ya ci Ajantina a 2014 da biyun da ya zura wa Iceland a 2018, har da yadda ya yi murna. Ba a jima da farawa ba ƙwallonmu ɗaya tilo, mai faci a kan faci, ta faɗa cikin ƙaya. Muna ji tana sauke numfashi.

Yara suka yi cirko-cirko. Sai Baba maigadi, da ke zaune a gindin bishiya yana tufkar igiya, ya ɗago kai.

"Malam, ba sa yin langa ne?"

"Baba, suna yi mana, amma da dare a dandali."

"To ranar ce ta hana?"

Kafin in ce wani abu har sun kasu gida biyu. Kowa ya lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu, aka zaɓi ruwa, sauran suka kewaye shi suna ba shi kariya. Wanda duk ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita, ruwa kuma in ya tsallake ya kai mashaya an ci. Baba ya karɓe usur daga hannuna ba tare da ya roƙa ba, kuma alƙalancinsa ya fi nawa tsanani: "Kai ɗan nan, na ga ka sauya ƙafa, fita!" Wani ɗan siririn yaro da ban taɓa sa shi ko a benci ba, shi ya zama ruwa. Ya yi ta zillewa ƙartin SS 3 da tsalle ɗaya-ɗaya, kafaɗa a gaba, ya sha sau biyu a jere. Waɗanda suka sulale za su tafi gida sai ga su sun dawo, har masu tallan gyaɗa da rake suka matso. Golana ma ya manta da awaki sai da ƙanensa ya zo kiransa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, langa ba ta neman ƙwallo, ba ta neman takalmi, ba ta neman mutum ashirin da biyu. Kuma ba wasan yara ba ce kawai, ana yin ta a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, tare da dambe da kokawa, har da rukunanta na ruwa da tureshi da kawoshi. Amma mu a nan, inda kowane yaro ya tashi da ita, ba ta cikin jadawali.

Bayan azahar na sami firinsifal a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, a saka langa a gasar gidaje ta zango mai zuwa." Ya yi dariya, ya ce shi ma a zamaninsa ruwa ne, ya amince. Da na ɗauko maganar 'yan mata sai dariyar ta ragu. Duk abin nan da ake yi suna zaune a baranda suna kallo, ba su da wasa ko ɗaya. Na ce ko tseren buhu da na cokali da ƙwai da gudun ba da sanda a yi musu a bayan azuzuwa, Malama ta tsaya a kansu. Ya ce wannan ba shi kaɗai zai yanke ba, sai an zauna da iyaye da mai gari a taron kwamitin makaranta. Ya sa na rubuta a takarda, na rubuta na ba shi.

Gobe Alhamis, kasuwar Maigatari, ban sa ran ganin yara da yawa ba. Ƙwallon na ba malamin aikin gona, zai bi ta Gumel a babur, ya ce zai kai wa mai faci ya gani ko akwai sauran wurin da za a liƙa.