Mun yi arba'in: godiyata ga waɗanda suka ciyar da ni da 'yan biyuna

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, Allah Ya sauke ni lafiya, Ya azurta mu da Hassan da Hussaina. An yi suna, shekaranjiya kuma muka yi arba'in. Ranar suna Abbansu ya rubuta godiya ga waɗanda suka zo da waɗanda suka aiko, amma godiyar maza ce, layi huɗu ya rufe da addu'a. Ni kuwa akwai masu bina bashin godiya, waɗanda tun watanni kafin suna suka yi nasu aikin a madafi da ɗakin awo. Yau da na samu su biyun sun yi barci lokaci ɗaya, bari in sauke nauyin. Ba zan kama sunan kowa ba, mai abu ya san abinsa.

Na yi laulayi a cikina na fari, amma bai kama ƙafar wannan ba. Ƙamshin albasa a mai, daddawa, turaren wuta, har sabulun wanka, duk sai su juya mini ciki. Ruwa ma in na sha sai ya dawo. Da aka kwantar da ni ana ƙarin ruwa ne aka yi hoton ciki, aka ga biyu ne. Likita ta ce sinadarin da jiki ke fitarwa idan ciki ya shiga, wanda ke tayar da zuciya, ya fi yawa a jikin mai ɗauke da biyu, shi ya sa laulayinsu ya fi tsanani. Bayan wata uku aman ya tsaya, kowa ya ce to madalla. Sai dai cin abinci bai dawo ba. Ba inda ke mini ciwo, yunwar ce kawai babu. In aka ajiye mini tuwo, loma uku na ƙoshi, in na matsa wa kaina ta huɗu sai hawaye.

Godiyata ta farko ga malamar awo ce, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta wasa da sikeli. Ranar da ta duba katina ta ga na fara da kilo 55 na dawo 52, sai ta ajiye biro ta ce, "'Yata, cikinki yana gaba ke kina baya. Zauna mu yi magana." Layi na jiranta har waje, amma ba ta sallame ni ba sai da ta tabbatar na gane. Ta ce ma'aunin da likitoci ke bi, wanda aka fitar a Amurka a 2009, ya ce matar da ba ramammiya ba kuma ba mai ƙiba ba, in ɗa ɗaya take ɗauke da shi, ana so ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16 kafin ta haihu. In biyu ne kuwa, kilo 17 zuwa 25. Dariya na yi, don ni a ranar kilo ɗaya ma nema nake. Ta ce ba don in firgita ta faɗa ba, don in san ba ni da lokacin jira ne. Fiye da rabin 'yan biyu kafin sati 37 ake haifarsu, wato tun lokacinsu bai cika ba, kuma can gaba ciki zai danne tumbi, wurin zuba abincin ma zai ragu. Don haka ƙibar da ta fi musu amfani ita ce wadda aka tara da wuri, ana so a ce zuwa sati 24 an samu wajen kilo 11. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2.5 shi ake ce wa bai cika nauyi ba, kuma shi ne sanyi da cuta suka fi saurin kamawa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne da ta ce in daina jiran yunwa. In ɗauki abinci kamar maganin asibiti, lokaci ya yi a sha, ko ana so ko ba a so. Kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu. Ta ce ƙarin da ake nema a kan abincina na kullum wajen kalori 600 ne, kusan kofi biyu na kunun gyaɗa mai kauri da madara, da ƙwai biyu. Da ta faɗa haka sai na ga abin zai yiwu. Allah Ya saka miki da alheri Malama, Ya sa ki gama aikinki lafiya.

Sai Yaya, uwargidanmu. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Ana faɗin abubuwa da yawa a kan zama da abokiyar zama, ni dai abin da na gani zan faɗa. Ta karɓi girkina ba tare da an roƙe ta ba, ta kwashe murhu ta mayar can bayan gida don kada ƙamshin suya ya iso ɗakina. Ita ta gano cewa abin da ya huce ya fi zauna mini a kan mai zafi, kuma abin sha ya fi shiga a kan abin taunawa. Daga nan ta shiga dabara. Kunun gyaɗa ta ƙara masa madarar gari, ta matsa tsamiya kaɗan don ya kashe gardin. Kwaɗon zogale ta cika shi da ƙuli-ƙuli. Faten wake ta tuƙa shi ya yi laushi ta zuba cokalin man shanu. Babban faranti kuwa ta hana a kawo mini shi sam, ta ce ganinsa ma ƙosar da ni yake yi. Wani ɗan kwanon shan yara take zuba mini a ciki, in na cinye ta ɗauke ba ta ce komai ba, bayan awa biyu sai ga ta da wani abin. Ruwa kuma ta ce in bari sai tsakanin ci da ci, kada ya cinye wurin abinci. Da asuba kafin in tashi zaune, akwai dabino da biskit a gefen matashina. Ranar da sikeli ya fara hawa, guɗa ta yi a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Yaya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kin nuna mini. Allah Ya raya miki naki, Ya sa su yi miki fiye da haka.

Hajiya surukata, na gode da haƙurin da kika yi da mu. Ita tun farko tsoronta zaƙi ne, kada in yi ta shan kayan daɗi haihuwa ta zo da gardama, ga kuma maganar da aka gada cewa mai ciki ba ta cin ƙwai, kuma in an ci da yawa ɗa zai yi girman da zai ƙi fita. Da ta raka ni awo, likita ta yi mata bayani cewa a cikin 'yan biyu ƙanƙanta ake tsoro, ba girma ba, ƙwai kuma a dafa shi ya nuna sosai, a ci. Amma ta ba ta gaskiya a wuri ɗaya: lemon kwalba da tulin sukari a kunu ba su ne ƙibar da ake nema ba, kuma mai 'yan biyu ta fi shiga haɗarin ciwon sukari na masu ciki, shi ya sa ake gwajinsa tsakanin sati 24 da 28. Hajiya ta riƙe wannan gam, duk wanda ya shigo sai ta ce ai likita ma ta faɗa. Amma ƙwan zabin da na ci a cikin nan, rabinsa daga hannunta ya fito.

Innata daga gida ba ta yanke aiko garin kunu ba, gero da waken suya da gyaɗa, duk an soya an niƙa tare. Direban motar garinmu da ke kawo shi tasha bai taɓa karɓar ko sisi ba. Mai nonon da ke kawo mana kindirmo, wadda muka roƙa ta riƙa tafasa madarar kafin ta kwantar, ba ta ji haushi ba. Yarinyar maƙwabta mai awara, wadda ke ware mini ta farkon kasko. Duk na gode.

Abban yara, kai ma ga taka. Maganin ƙarin jini ya so ya gagare ni, yana tayar mini da zuciya yana ɗaure mini ciki, ga jinina an ce ya yi ƙasa. Shi ya koma ya tambayo, aka ce in sha da dare bayan na ɗan ci wani abu, in haɗa da lemon zaƙi, in nisanta shi da shayi domin shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Kullum dare yana tsaye da ƙwayar a tafin hannu, da ɗan ƙaramin folik asid ɗin nan. Ranar shan Fansida ta wata-wata kuwa, ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro, shi ke tuna mini, gidan sauro shi ke saukewa. Da azumi ya zo na dage sai na yi, don ban taɓa shan azumi haka kawai ba. Bai yi mini faɗa ba, limamin unguwa ya tambayo, liman ya aiko cewa mai ciki in ta ji wa kanta ko abin da ke cikinta tsoro, shari'a ta ba ta dama ta sha ta rama daga baya. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

Watannin ƙarshe sun zo da ƙwannafi, in na ci sai in zauna a jingine da matasai, kwanciya ba ta yiwuwa. Sai kuma wani sati sikeli ya yi tsalle, ni ina murna. Maƙwabciyarmu nas ce, ta shigo ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce wannan ruwa ne, kumburi daban ƙiba daban. Ta ɗauko abin awon jini ta gwada, ta ce in ya kai 140 bisa 90, ko fuska da hannu suka kumbura, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ko ido ya fara ganin dishi-dishi, ko tsakar dare ne a tafi asibiti, don ta nan jijjiga ke shigowa kuma masu 'yan biyu ta fi kamawa. Daga ranar kusan kullum sai ta leƙo bayan ta taso aiki, da gajiyarta. Anti, ban san da bakin da zan gode miki ba.

Ban kai kilo 17 ɗin ba, na tsaya a 14. An yi mini aiki a sati na 37 saboda na farkon a zaune yake. Hassan ya zo da kilo 2.6, Hussaina 2.3, aka koya mini ɗaura ta a ƙirji fata da fata don ta samu ɗumi, yanzu ta kusa kamo shi. Likitoci da ma'aikatan ɗakin tiyata da na ɗakin jarirai, da ƙannen maigida biyu da suka ba da jini, Allah Ya biya ku.

Waɗanda suka yi ta ce mini "ki daure ki ci mana", na san ƙauna ce, kuma na gode. Sai dai in kun sake samun mai ciki a wannan hali, kofin kunu a hannu ya fi maganar saurin shiga.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da masu saƙon da ban amsa ba, ku yafe ni, hannu biyu ne yara biyu. Masu son zuwa barka ƙofa a buɗe take, amma mai mura ko tari ya ɗan dakata tukuna saboda Hussaina. Akwai kuma kuloli da kwanuka na mutane da suka taru a wurin Yaya, wasu ba mu san masu su ba, don Allah a turo yara su duba. Matan da na baro a layin awo, Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya mana abin da Ya ba mu bisa tafarkin addini. Amin.

Maman 'yan biyu