Yadda muka daina ƙona forfe wurin duba littafin Python

Lokacin da muka fara koyon Python, harshen rubuta program na kwamfuta, mu huɗu a fadarmu ta Zango, abin da ya fi cin kuɗinmu forfe ne, ko shayi bai kai shi ba. Kowa da salularsa, kowa na buɗe docs.python.org, inda littafin bayanin Python yake a intanet, shafi guda sai mu buɗe shi sau goma a wuni, ga rezo in ya ga dama ya zo in bai ga dama ba sai ka yi ta kallon abin yana juyawa har ka mance abin da ka zo nema.

Wani yayanmu da ya yi karatu a Yamai shi ya ce mana ai littafin gaba ɗaya ana sauke shi, akwai shi a zip na HTML. Na tafi inda wifi ke da ƙarfi na sauke, na zuba a kle na kawo. To matsalar kwamfuta guda gare mu, tawa, tsohuwa kuma. Sai ya nuna mini layi ɗaya tak: ka shiga dosiyen da ka warware zip ɗin, ka rubuta python3 -m http.server 8000, shi kenan kwamfutarka ta zama sabar, wato mai miƙa wa sauran na'urori shafukan. Ba a girka komai ba, abin yana cikin Python tun asali. Ɗayanmu ya kunna hotspot ko data babu ciki, duk muka hau.

Nan na sha kunya ta farko. Na ce kowa ya rubuta localhost:8000, a wurina ya buɗe tsaf, a wurinsu babu komai, na yi ta rantsuwa salulolinsu ne ba su da kyau. Ashe localhost kowace na'ura kanta take nufi, salular abokina tana neman littafin a cikin cikinta. Sai da na rubuta ip a na ga lambar kwamfutata mai farawa da 192.168 na ba su, suka ƙara :8000, wato lambar ƙofa, a ƙarshe. Wallahi ranar na gane adireshin IP da lambar ƙofa fiye da duk abin da na haddace a aji.

Ta biyu ta fi zafi. Wata rana cikin sauri na tada sabar ɗin ban shiga dosiyen littafin ba, ina tsaye cikin babban dosiyena. Shi kuwa duk abin da ya tarar inda aka tada shi yake bajewa, in babu index.html, wato shafin farko, sai ya jero sunayen fishiye reras. Ina zuba shayi na ji dariya, wai suna kallon hotunana na sallah da wata wasiƙa da ban gama rubutawa ba, kar ku tambaye ni ta wa. Tun ranar sai na sa --directory na nuna masa dosiyen da nake so, in ni kaɗai ne kuma na ƙara --bind 127.0.0.1 don kada wata na'ura ta iya shiga. Su ma masu Python sun rubuta ƙarara cewa ba a yi http.server don ainihin aikin intanet ba.

Daga baya na gano python3 -m pydoc -b, wannan har bayanin modul ɗin da ka girka da kanka, wato ƙarin kayan aikin Python, yake nunawa, sai dai shafinsa ba kyan gani. Yanzu ko an ɗauke kuran muna karatu har batirin kwamfutar ya mutu, awa biyu yake yi da ƙyar, in zafin Afrilu ne ma bai kaiwa.