Mai neman tarihin Arewa, kada ka tsaya a abin da waya ta ba ka

Ƙannena masu firojet a sashen tarihi, da ma waɗanda ba ɗalibai ba amma suna son sanin asalin garinsu, kukansu kusan ɗaya ne kullum, wai "Yaya babu matiriyal". Wallahi akwai, har ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya karance, matsalar dai a warwatse yake, wani a intanet wani a Kaduna wani a Sakkwato wani a Yamai wani kuma a cikin gafakar wani dattijo da ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi. Kuma abin da ya fi damuna shi ne wanda ya fi sauƙin samu a waya yawancinsa bakin Bature ne, to idan ka tsaya a nan ka rubuta, labarin da Razdan, wato Baturen mulkin lardi, ya ba Gwamna shi ka maimaita da sunanka a kai.

Bari mu ɗauki abu guda mu bi shi don a ga yadda ake yi. Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, 1906. Ranar 14 ga Fabrairu mutanen garin, talakawa da bayin da suka gudo, riƙe da fartanya da gatari, suka fatattaki sojan doki na Turawa, suka kashe Turawa 3 wato Hillary da Scott da Blackwood da sojoji baƙaƙe 25. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da manyan bindigogi tare da mahayan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, aka kashe mutane wajen 2,000 aka rushe garin. To a ce wannan ne tofik ɗinka, daga ina za ka fara?

Daga waya, ba laifi, ni ma nan nake farawa. Ka shiga archive.org, kyauta ne, ka nemi rahoton shekara-shekara na Arewacin Najeriya da Lugga yake aikawa Landan, na 1905-06 akwai bayanin Satiru a ciki, ka sauke PDF ɗin ka ajiye. A nan ɗin dai za ka samu littattafan matafiya irin su Clapperton da ya iso Kano a 1824 ya wuce Sakkwato ya ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Barth da ya shigo Kano a 1851, duk sun tsufa sun zama na kowa ba mai cajin ka ko kwabo. Sai dai fa ka kula da yadda suke rubuta sunayen garuruwa, domin idan ka buga Sokoto kawai a cikin littafin Clapperton za ka ɗauka bai je ba, shi Sackatoo yake rubutawa, Katsina kuma Kashna, Faransawa su kuma Haoussa suke rubuta Hausa, Damagaram ɗin ma sai ka nemi Zinder. Kowane suna ka gwada shi ta fuska uku huɗu kafin ka ce babu.

Bayan nan JSTOR, rumbun mujallun ilimi a intanet. Mutane da yawa suna ganin sai jami'a ta biya, alhali da imel ɗinka kawai za ka buɗe akawun ka riƙa karanta maƙala har 100 a wata a kan allo, saukewa ce ba za su bari ba. Mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya tana ciki tun fitowarta ta farko a 1956, a cikinta R. A. Adeleye ya yi rubutu a kan Satiru a 1972, sannan Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka yi nasu a 1990 a mujallar tarihin Afirka ta Kambirij. In ka samu irin waɗannan, don Allah kada ka tsaya a jikin rubutun, sauka ƙasan shafi inda ƙananan rubutun nan suke, nan dukiyar take. Za ka ga an sa NAK (ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna), SNP (takardun Sakateriya), Sokprof (na lardin Sakkwato) da lambobi, wato marubucin yana gaya maka ainihin fayil ɗin da ya ɗaga a Kaduna da lambarsa. Ka kwafe su duka a littafinka, su ne za ka miƙa wa ma'aikaci ranar da ka je, maimakon ka tsaya kana cewa a ba ka "wani abu a kan Satiru".

Sauran na intanet ɗin ba sai na daɗe a kansu ba. Google Scholar don ganin wa ya yi rubutu bayan wa, AJOL don mujallun jami'o'inmu, Kubanni ta ABU Zariya inda ake ɗora kundayen digiri na biyu da na uku, kuma kundayen nan na sashen tarihi na Zariya ba abin rainawa ba ne ko kaɗan, nan ne Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka horar da mutane, wasu kundayen ba a taɓa buga su littafi ba amma sun fi littattafai da yawa nauyi. Amma manhajojin nan masu amsa tambaya, ka yi hattara da su wajen madogara, suna iya ƙirƙiro maka sunan littafi da shekara da lambar shafi tsaf alhali ba a taɓa rubuta shi ba, duk abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba kada ya shiga aikinka. Haka hotunan da ake yaɗawa a Facebook wai wannan sarki wane ne a shekara kaza, ka nemi inda hoton ya fito tukuna.

To yanzu sai tafiya, kuma a nan ne yawancin yara suke ja da baya saboda kuɗin mota, na sani ba sauƙi, amma ba makawa. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa masanin tarihi Kenneth Dike ne ya assasa ta a 1954, manyan rassanta uku ne, Ibadan da Inugu da Kaduna, kuma ta Kaduna ita ce tamu domin takardun Sakateriyar Lardunan Arewa wato SNP ɗin nan suna can, tare da na kowane lardi, Kanoprof, Sokprof, Zarprof, Katprof da sauransu. Abin da na fi so a ciki su ne rahotannin ƙiyasin haraji na gunduma-gunduma, inda D.O zai zagaya ƙasar hakimi yana ƙirga gidaje da shanu saboda jangali da marina da maƙera da ranakun kasuwa, sannan ya tara dattawa su ba shi tarihin garin da jerin dagatai. Don haraji ya yi, ba don Allah ba kuma ba don mu ba, ta bakin tafinta ya ji, kuma wanda yake kusa da hakimi shi ya fi samun bakin magana, duk da haka sau da yawa ita ce takarda mafi tsufa da za ka ga sunan ƙauyenku a rubuce. Ka je da wasiƙar gabatarwa daga sashenku da katin shaida da fensir da pawabank, ka gaida ma'aikata gaisuwa ta mutunci domin wasunsu sun san fayilolin nan fiye da kundin jerinsu, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya, kuma kowane fayil ka fara ɗaukar bangonsa mai lamba kafin cikinsa, in ba haka ba ka koma gida da hotuna ɗaruruwa ba ka san wanne daga ina ba. Takardun sun bushe suna karyewa, a hankali ake juya su.

Tunda kana Kaduna sai ka wuce Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna ne da aka mayar cibiyar bincike a ƙarƙashin ABU tun 1970, akwai laburare da rubuce-rubucen Larabci da tsofaffin jaridu. Mai binciken shekarun 1940 zuwa 1960 dole ya nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939 Abubakar Imam yana edita, musamman shafin wasiƙu, nan za ka ji malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa suna faɗin damuwarsu da Hausarsu. A Zariya akwai laburaren Kashim Ibrahim, a Kano akwai hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa da kuma Mambayya ga mai bin tarihin NEPU da Malam Aminu, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, wadda mai aikin Satiru ba shi da uzurin ƙin zuwa.

Ga kuma wani abu da ake yawan mantawa, iyakar nan da ke tsakaninmu da Nijar ta raba takardu kamar yadda ta raba dangi. Malamin da ya zuga Satiru, Shu'aibu Ɗan Makaho, daga ɓangaren Faransa ya gudo bayan boren Kobkitanda a ƙasar Dosso a ƙarshen 1905, wato rabin labarin da Faransanci aka rubuta shi. Takardun suna ma'ajiyar ƙasa ta Yamai, wasu a Dakar domin can ce hedikwatar mulkin Faransa ta Afirka ta Yamma, wasu a Aix-en-Provence a Faransa. Daga gida kana iya shiga Gallica ta laburaren ƙasar Faransa da Persée mai mujallun ilimi na Faransanci, duk kyauta, in Faransancin ya gagara ka nemi ɗan'uwa daga Maraɗi ko Ƙonni ku zauna tare. Su ma ɗaliban Nijar da ke rubutu a kan Gobir ko Katsinar Maraɗi haka suke buƙatar Kaduna. A Yamai ɗin akwai IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni mai sashen rubutun Larabci da ajami, da CELHTO da ke tara tarihin baka.

Yanzu ina muryar mutanenmu? Ai mu ba mutanen da Bature ya zo ya koya wa rubutu ba ne, Muhammadu Bello ya gama littafinsa Infaƙul Maisuri tun 1812, kuma Bature masanin tarihi Murray Last da ya zo rubuta tarihin Daular Sakkwato a farkon shekarun 1960 gaban Waziri Junaidu ya je ya zauna da takardun gidan waziri, shi ya sa aikin nasa ya bambanta da na magabatansa. Wasu daga cikin rubutun nan sun fara hawa intanet. Shirin EAP na laburaren Birtaniya, mai ceto takardun da ke neman lalacewa, ya ɗauki hoton takardu daga Kaduna da wasu wurare ya sa kowa ya gani, ko da yake harin da aka kai wa kwamfutocinsu a Oktoban 2023 ya kawo cikas sosai, Jami'ar Boston ƙarƙashin Farfesa Fallou Ngom tana da tarin ajamin Hausa a buɗe, Jami'ar Northwestern a Amurka kuma tana riƙe da laburaren Malam Umaru Falke na Kano wanda ya rasu a 1962, takardu sama da 3,000 na malami ɗaya ɗan kasuwa. Abin yana min ciwo a ce sai an je Amurka, amma ya fi min ciwo in ga ɗalibin tarihi da ya yi makarantar allo ya bar karatun ajami ya mutu a hannunsa, don Allah ka farfaɗo da shi, ko ka nemi malamin zaure ya riƙa duba maka. Kuma ka riƙa juya shekarun Hijira da kyau, faɗan Satiru na farko ya faɗo a ƙarshen 1323 na biyun kuma a Muharram 1324, wata ɗaya tsakani amma a shekaru biyu daban-daban a rubutun malamai.

Mutanen Satiru kansu ba su bar mana rahoto ba, waɗanda suka ci su da yaƙi su suka rubuta, Turawa da fada. Saboda haka sai an je ƙauyukan da ke kewaye an zauna da tsofaffi, maza da mata, kada a tsallake matan domin waƙoƙin daka da na niƙa suna riƙe sunayen da maza suka manta ko suke jin nauyin faɗa. Ka bi ta hannun dagaci ko mai unguwa, ka je da goro, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, "Baba ko zan iya ɗaukar maganar nan a waya don kada in rage ko in ƙara?" yawanci za su yarda. Ka rubuta sunan mai maganar da shekarunsa da garin da ranar, da kuma wa ya ba shi labarin, kamar dai yadda malaman hadisi suke bin isnadi. Kada ka gyara masa zance don ya dace da na Razdan, in sun saɓa ka rubuta duka biyun ka nuna inda suka saɓa.

In Allah ya sa aka buɗe maka gafaka a gidan malamai, kada ka ce a ba ka aro, an sha karɓa ba a mayar ba shi ya sa gidaje da yawa suka rufe ƙofa. Ka ɗauki hoto a nan gabansu shafi bayan shafi ba tare da ka hargitsa jerin ba tunda warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, ka duba ƙarshen littafin inda mai kwafi yakan sa sunansa da na wanda ya rubuta wa, ka ɗaga warƙa ɗaya a haske ko za ka ga tambarin jinjirin wata uku na takardar Italiya da fatake suke kawowa ta Tarabulus, yana taimakawa wajen kintatar zamaninta. In ka gama ka buga musu kwafi ka kai musu, ka kuma ajiye wani kwafin tare da rikodin hirarrakinka a laburaren sashenku ko a Arewa House da izinin masu shi, saboda gara da ɗigar ruwa.